Jin Magana da Jin Jiki

A Safo, idan bazara ta kankama, gari yakan yi tsit tun kafin azahar. Awaki su lafe a gindin katanga, masu tebur su ja kayansu cikin inuwa, mata su kwashe shanya su shige ɗaka. Duk wanda ya taso a wannan yanki na kudancin Maraɗi ya san cewa a watan Afrilu da na Mayu zafi yakan haura digiri 40, ya kuma san yashin gulbi, da yake ruwa ya janye tun bayan kaka, yana iya gasa tafin ƙafa. A irin wannan lokaci ne, wata ranar Laraba da ƙarfe uku na rana, samari goma sha tara suka jeru a bakin gulbi suna jiran usur.

Na ashirin ɗinsu bai iso ba tukuna. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka Auta kowa yake kiransa. Yana shekara ta biyu a jami'a, yana kuma tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta tsangayarsu. Makonni shida ya yi bai taɓa ƙwallo ba, saboda jarrabawa ta zaunar da shi a kan benci dare da rana. Da aka ba su ɗan hutu ya zo gida, sai ya tarar samarin unguwa sun shiga atisaye na musamman. Babu gasar da ake bugawa a lokacin, amma an ce kafin faɗuwar damina wani mutum daga wata ƙungiya ta birni zai zo ya duba masu ƙoƙari. Ga ɗalibin da kuɗin rajista da na abinci suke hana shi barci, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mai horar da su, wanda suke kira Koci, ba mugun mutum ba ne. Ya buga ƙwallo a birni har gwiwarsa ta ci amanarsa, ya dawo gida yana koyar da yara ba tare da ko dala ta shiga aljihunsa ba. Dokokinsa uku ne, kowa kuma ya haddace su. Ba a shan ruwa sai an tashi. Wanda ya makara zai sha horo. Wanda ya zauna kafin usur na ƙarshe ya wuce gida, kada ya dawo. Ya zaɓi ƙarfe uku ne da gangan, don a ganinsa wanda ya iya gudu a yashi cikin wannan rana, minti casa'in a fili da la'asar wasa ne a gare shi. Haka aka yi masa yana yaro, haka kuma ya ɗauka ake yin ɗan wasa.

Ranar ita ce ta uku da Auta ya shiga cikinsu. Cinyoyinsa sun yi tsami tun ranar farko, ya kuma lura da safe cewa fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, amma bai faɗa wa kowa ba. Ya iso da minti goma a makare.

“Mi ya tsaishe ka, ɗan jami'a?”

“Inna ta aike ni, Koci.”

“Rago ba ya rasa dalili. Goma naka, kafin ka shigo cikin mutane.”

Goma na nufin gudu goma da iyakar ƙarfi, daga wannan gaɓa zuwa waccan a dawo. Ya yi shida lafiya. A na bakwai ƙafafunsa suka soma harɗewa. A na takwas ya tsaya a tsakiyar yashi yana magana shi kaɗai, Hausa da Faransanci a cakuɗe, babu kai babu gindi. Da Koci ya daka masa tsawa, sai yaron da ba a taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba ya juyo ya zage shi. Samarin suka yi shiru. Koci ya ɗauka rashin kunya ce ta ƴan boko, ya ƙara masa biyar. Bai kai ga gama na tara ba ya kife.

Abin da ya biyo baya ya ɗauki ƴan mintoci ne kawai, amma a cikinsu rayuwarsa ta rataya. Wani ya ce a ɗora shi a babur a nufi Maraɗi. Wani ya kawo ruwan leda zai ɗura masa a baki, alhali ba ya cikin hayyacinsa. Wani kuma ya ja da baya yana cewa iskokin rana ne, ai an hana shiga gulbi a irin wannan lokaci. Allah ya sa kawun Auta, wanda ya yi kokowa a ƙuruciyarsa, yana lambunsa na zogale a nan kusa, injin ban-ruwa yana aiki. Ya taɓa wuyan yaron, ya ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Bai tsaya tambaya ba. Ya sa aka cire masa riga da takalma, aka kwantar da shi a cikin kwatar ruwa ƙarƙashin inuwa, kansa a tallafe, aka saki bakin tiyo a jikinsa. Ya sa biyu suna yi masa fifita da rigunansu, ya tura ɗaya da gudu ya sayo ƙanƙara. Sai da jikin ya yi sanyi, yaron ya buɗe ido ya gane kawunsa, sannan tsohon ya yarda a ɗauke shi.

Kwana shida ya yi a wani asibiti a Maraɗi ana yi masa ƙarin ruwa, ana duba ƙodarsa. Likitan da ya karɓe shi ya ce ruwan lambun nan ne ya cece shi. Ya kuma yi wata tambaya da ba wanda ya iya amsawa, daga Inna har Koci: mene ne rukunin jininsa ta fuskar sikila? Da aka gwada, sai aka ga AS ne. Shekara ashirin da ɗaya a duniya, shekara goma yana ƙwallo, bai taɓa sani ba.

Abin da ya same shi yana da bayani a fili. Tsoka idan tana aiki zafi take haifarwa, jiki kuma yana fitar da wannan zafi ne ta hanyar zufa da iska. Idan iskar waje ta fi jikin zafi, ruwan jiki kuma ya ragu, sai zafin ya taru a ciki. Da zarar ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa takan soma rikicewa, shi ya sa alamun farko sukan fito a harshe da ɗabi'a: sambatu, faɗa babu dalili, tangaɗi, rashin gane mutane. Zagin da Koci ya ji a kunnensa ciwon ne yake magana. Masana lafiyar wasanni sun daidaita a kan ƙa'ida ɗaya: a fara sanyaya jiki nan take, sannan a kai asibiti, kuma mafi inganci shi ne a tsoma mutum cikin ruwan sanyi, a sauko da zafin cikin rabin awa na farko. Duhun fitsarin kuwa alama ce ta cewa tsoka ta soma rugujewa saboda aikin da ya fi ƙarfinta, abin da take zubarwa cikin jini kuma yana iya lalata ƙoda. Jiki yana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu na aiki sannu a hankali kafin ya saba da zafi. Auta ya tashi daga benci ya faɗa yashi cikin kwana uku.

Wannan matsala ba ta ƙauye ba ce kaɗai, ba kuma ta talauci ba ce. A Amurka, inda jami'o'i suke kashe miliyoyin daloli a kan ƙwallonsu ta zari-ruga da ake ɗauka da hannu, an daɗe da lura cewa ɗaliban da suke mutuwa a wannan wasa sun fi mutuwa a wajen atisayen ƙarfafa jiki, musamman bayan an rufe kakar wasa, fiye da yadda suke mutuwa ta hanyar karo a fili. A watan Satumba na 2006, Dale Lloyd na Jami'ar Rice ya rasu bayan gudun atisaye, aka gano yana ɗauke da ƙwayar sikila guda, irin ta Auta. Shari'ar da iyayensa suka yi ce ta kai hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ga shigar da gwajin sikila a dokokin babban rukuninta daga 2010. A watan Janairu na 2011, ƴan wasa 13 na Jami'ar Ayowa aka kwantar a asibiti da rugujewar tsoka, bayan atisaye mai tsanani da suka yi dawowarsu daga hutu. Ranar 29 ga Mayu, 2018, Jordan McNair, ɗan shekara 19 a Jami'ar Meriland, ya galabaita a lokacin gudun atisaye. Ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, an kuma yi jinkirin kiran motar asibiti. Ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami'ar ya fito ya amince da alhakin kurakuran da aka yi, daga baya kuma aka sallami babban kocin. Abin da tsohon ɗan kokowa ya yi da tiyon lambu a Safo shi ne aka kasa yi a jami'ar da take da komai.

Daga irin waɗannan asarori ne dokoki suka fito a can. A 2003 NCAA ta wajabta kwanaki biyar na sabo da zafi a farkon shirin kaka. A 2017 ta hana babban rukuninta yin atisayen karo sau biyu a rana ɗaya. A 2019 ta fitar da shawarwari, ciki har da cewa a sassauta aiki a kwanakin farko bayan kowane hutu, kuma kada a mayar da motsa jiki hanyar hukunta ɗan wasa. Wannan shawara ta ƙarshe tana da wuyar faɗi da Hausa, kuma a nan ne lamarin ya shafi ɗalibin harshe.

A Hausa kalma ɗaya ce, horo, take ɗauke da koyarwa da kuma hukunci. Ana horar da doki, ana horar da soja, ana horar da malamai, uba kuma yana horon ɗansa idan ya yi laifi. Wanda ya ƙware sai a ce ya horu. Idan aka ce kada mai horarwa ya yi horo da gudu, mai sauraro zai ji kamar an ce kada manomi ya yi noma. Harshe bai tilasta wa kowa ya azabtar da yaro ba, amma ya sauƙaƙa wa Koci ya kasa ganin iyakar da take tsakanin gudun da yake gina jiki da gudun da yake huce haushi. Na farko ana auna shi da ƙarfin mai gudu. Na biyu ana auna shi da girman laifi da zafin ran mai usur, kuma babu ruwansa da abin da zuciya da ƙoda za su iya ɗauka.

Sai kuma fi'ilin ji. Da shi Bahaushe yake jin sauti, yake jin ƙamshi, yake jin ɗanɗano, yake jin zafi, yake jin Larabci, yake jin kunya, yake kuma jin maganar na gaba. A tsakiyar yashin nan Auta yana da ji iri biyu da suka ja shi gefe biyu: jin maganar Koci da jin abin da jikinsa yake faɗa masa. Tarbiyya ta riga ta zaɓar masa. Yaro mai jin magana abin yabo ne a kowane gida. Jin jiki kuwa a Hausa ba ya nufin sauraron jiki. Idan aka ce wane ya ji jiki, to aikin gama ya gama, ya sha wuya. Akwai kirari ga mai juriya, mai jimiri, namijin duniya. Babu sunan yabo ga saurayin da ya ce jikinsa ya yi gargaɗi, zai tsaya. Sunan da yake jiransa shi ne rago, kuma saurayi a gaban tsaransa ya gwammace ya faɗi da ya amsa shi. Magabata sun ce jiki magayi, amma an fi jawo karin maganar don tsoratar da mai taurin kai, ba don a koya wa yaro ya saurari magayin ba.

Duk da haka, a cikin harshen akwai mafita. Mai cewa na gaji shi ne a matsayin mai aikatawa a jimlar, don haka maganar tana fita kamar amsa laifi. Amma Hausa tana da wani gini da take bayyana halin jiki da shi, inda ciwon ne mai aikatawa, mutum kuwa abin ya faɗa wa ne kawai: ƙishirwa ta kama ni, jiri yana ɗibata, zazzaɓi ya kayar da shi, kai yana sara mini. Ba a kiran mutum rago don zazzaɓi ya kayar da shi. Da an koya wa samarin nan cewa jiri yana ɗibata magana ce da take tsayar da atisaye nan take, babu ƙarin gudu, babu gori, da sun sami hanyar neman ceto wadda ba ta taɓa mutuncinsu.

Akwai kuma yadda aka ba da labarin bayan abin ya faru. Masu zuwa dubiya suka riƙa cewa an yi atisaye, an ɗan matsa, aka samu tsautsayi. Lamirin nan na an da aka, wanda ba ya nuna mai aiki, yana da amfani wajen kiyaye zumunci a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne. Amma da shi da kalmar tsautsayi sukan share sawun dalili. Wani ne ya zaɓi ƙarfe uku, wani ne ya hana ruwa, wani ne ya ƙara biyar. Faɗin haka ba neman a kunyata Koci ba ne. Abin da aka san wanda ya yi shi ne ake iya gyarawa, abin da aka ce ya faɗo daga sama kuwa sai dai a jira ya sake faɗowa.

Kawun bai san sunan Meriland ba, amma yana da nasa ilimin. A zamaninsu, in ji shi, kokowa ta kaka ce, bayan an kai hatsi rumbu, ciki ya cika, iska ta yi sanyi, kuma da yamma ko da farin wata ake yin ta. Ƙarfin ɗan kokowa daga gona yake fitowa, a hankali, daga huɗa zuwa girbi. Yankin nan ne ya ba Nijar sarkin kokowarta na farko, Yakuba Kantu, wanda ya ci gasar ƙasa a Tawa a 1975, filin kokowa na Maraɗi kuma sunansa yake ɗauke da shi. Har yau, idan jihohi takwas suka kawo ƴan kokowa goma-goma don neman takobi, a lokacin sanyi aka fi haɗuwa. Manomi ma yakan fita da asuba, ya yi aikinsa da hantsi, ya nemi inuwa idan rana ta take. Harshen da ya raba yini zuwa asuba, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, yamma da almuru harshen mutanen da suka san kowace sa'a da abin da ya dace da ita ne. Hanin da ake yi wa yara na yawo a gulbi da rana tsaka, ko mene ne asalinsa, amfaninsa a fili yake.

Koci ya zo gidan ranar da aka sallamo Auta. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa a taƙaice ta shige ɗaka. Ya daɗe zaune a kan tabarma yana juya usur a hannunsa kafin ya ce da kawun, “Baba, wallahi alheri na nufa.”

“Na sani, ɗana,” in ji tsohon. “Amma ko jakin haya, in ya tsaya, akan duba ƙafarsa kafin a ɗaga sanda.”

Ba a yi wani zama ba, ba a rubuta wata doka ba. Sai dai mako biyu bayan nan atisayen ya koma bayan sallar asuba. Aka kawo jarka biyu ta ruwa aka ajiye a gindin bedi, ana tsayawa a sha. Wanda ya makara yanzu kwasar ƙwallaye da wankin riguna ne nasa. Samari huɗu sun je sun yi gwajin jini, sauran suna cewa sai sun sami kuɗin. Dokar nan ta uku, ta wanda ya zauna ya wuce gida, Koci bai taɓa cewa ya janye ta ba, amma ba a sake jin ya ambace ta ba.

Mutumin birnin bai zo ba har damina ta faɗi. Auta ya koma jami'a, likita ya ce zai iya komawa ƙwallo, don AS ba ya hana wasa, muddin zai hau a hankali, ya sha ruwa, ya huta tsakanin gudu, ya kuma tsaya da zarar jiki ya yi magana. A can ma ya tarar babu mai tambayar rukunin jini kafin a ba ɗalibi riga, babu kuma wanda ya san abin da ake yi wa wanda zafi ya kayar. A atisayensu na farko bayan hutu, a zagaye na biyar, ya ji ƙasa tana ɗan juya masa. Ya rage gudu, ya ɗaga hannu, ya ce da kyaftin ɗinsu jiri yana ɗibarsa. Wani daga baya ya yi dariya. Kyaftin ya dube shi, ya dubi rana, sannan ya ce kowa ya je ya sha ruwa.